Tabarau na Ranar Juma'a

Wata Asabar ce a daminar shekarar da na shiga aji biyar na firamare, in ban manta ba lokacin maimai ne, na kai wa Baba kunu gonarmu da ke bayan Unguwar Gai. Tun daga nesa na hango shi sanye da sabon tabarau, yana taka kunyoyin dawa kamar mai tafiya a cikin ruwa. Ya ɗaga ƙafa zai tsallake wata kunya, sai ya sauke ta inda ba ƙasa, ya kife a kwari, fartanya ta yi gefe. Da ya tashi bai kakkaɓe jikinsa ba, tabarau ya fara cirewa ya duba ko ya fashe. "Wannan abu ba na gona ba ne," ya ce, ya naɗe shi a hularsa.

Kawu Sani, ƙanin Innarmu da ke aiki a Kano, shi ya kai shi aka auna idonsa aka yi masa shi. A lokacin Baba ne ke ba da karatu a zaurenmu bayan La'asar, manoma da makiyaya maƙwabta su zauna a kan tabarma, shi a kan buzu. Mu yara mukan bar langa mu shimfiɗa tabarmin, sannan mu tafi yankan ciyawar awaki. Amma karatun ya soma yi masa wuya. Yakan miƙe hannu da littafi har iyakar tsawonsa, ya ƙanƙance ido, wani lokaci ya yi shiru a tsakiyar layi mutane suna jira. Kawu ya ce wannan tabarau guda ɗaya zai ishe shi nesa da kusa.

Bayan faɗuwar nan, Baba ya yi masa abin da ake yi wa duk wani abu mai daraja a gidanmu. Inna ta naɗe shi a tsumma mai tsabta ta sa a adaka, tare da babbar rigarsa da turare. Ranar Juma'a kaɗai yake fitowa. Baba ya saka, ya tafi masallaci yana lallaɓa ƙasa da ƙafa, ya dawo da ciwon kai, Inna ta karɓa ta mayar. Takan ce, "Malam, abu mai tsada ba a yi masa sawar kullum." Baba ya gwada shi a zaure ma wasu Juma'o'in, ya ce baƙaƙen suna ninƙaya. Kafin kaka ta zo ya miƙa karatun ga wani ɗalibinsa daga Saji, ya koma gefen ƙofa yana saurare, yana gyara wa mai karatun da ka.

Bara, da na fara miƙa hannu da wayata kamar yadda yake yi da littafi, aka rubuta mini irin wannan tabarau. Ni mai yawan tambaya ne, na tsare mai aunawar har sai da ta yi mini bayani dalla-dalla. Saman gilashin na nesa ne, tsakiyarsa na matsakaicin nisa, ƙasansa na karatu, kuma babu layin da ya raba su. Wanda ya kalli ƙafarsa ta ƙasan gilashin zai ga ƙasa tana motsi, don haka sai ya sunkuyar da kai gaba ɗaya. Gefe ma, kai ake juyawa, ba ido kaɗai ba. Ta ce muhimmin abu shi ne a riƙa saka shi kullum tun safe, har ido ya saba, wasu cikin kwanaki, wasu makonni.

Ba zan iya rantsewa cewa na Baba daidai aka auna shi ba, wataƙila akwai kuskure a wajen. Amma ina kyautata zaton lafiyarsa ƙalau, sabo ne kawai bai samu ba, domin kowace Juma'a ranar farko ce a wurin idonsa. Ni na sha jiri na 'yan kwanaki, yanzu har mantawa nake yana fuskata. Na Baba, Allah ya ji ƙansa, yana nan a adakar Inna, ko ƙwarzane ɗaya babu a jikinsa. Ina ma a ce tabaraun ya tsufa a fuskar Baba.