Ƙaiƙayi a Tafin Hannu

Ina da shekara arba'in na shiga ajin Turanci na manya a Haɗeja, don na gaji da neman tafinta duk ranar da masu sayen shinkafa suka zo daga Kudu. Malaminmu ɗan ƙwalisa ne, mai sa kwat ko a tsakiyar bazara. Dabararsa ɗaya ce: ka zuba ƙaiƙayi a tafin hannu, ka kai kusa da baki, ka faɗi kalmar da ya rubuta. In ƙaiƙayin bai tashi ba, wai bakinka na ƙauye ne. Haka yake gaya wa dattawa masu jikoki, yana yatsina. Shi kuwa bai taɓa gwadawa ba, Baturen cikin wayarsa yake kunna mana.

Ran nan na taso daga Auyo a gajiye, ya tsayar da ni sau bakwai kan kalma ɗaya. Sai na miƙa hannuna daidai bakinsa.

"Malam, a nuna mana."

Ya gyara murya, ya faɗa har sau uku. Ƙaiƙayin ko motsi bai yi ba. Na juye masa shi a tebur, na ce ya ajiye, ya fi mu bukata.