Ranar da Na Sa Kiɗan Tauri a Wajen Suna

Shekarun baya, tun Turawa ba su tafi ba, ina saurayi a Faskari ina kaɗa kalangu. Gadonmu ne. Mahaifina makaɗin biki da suna ne, kuma babban gidanmu shi ne na wani Alhaji mai sayen auduga a Sheme. Daga nan hatsinmu na shekara yake fitowa.

Wata rana abokina direban lori ya zo da garmaho daga Kudu, ya ɗora faifan wani baƙin mutum na Amurka. Ban gane ko kalma ɗaya ba. Muryar kamar ta mai kuka wurin Allah, kiɗan kuwa na rawa.

Na ce, "Wanga makaɗin su wa ne? Maƙera ko mahauta?"

"Na kowa ne. Waƙar cocinsu yake ɗauka ya zuba a kiɗan rawa, gobe ya yi ta makiyaya."

"Kuma ba a dukansa?"

"Mota gare shi."

Maganar motar nan ita ta zauna mini a kai.

Da aka yi haihuwa gidan Alhaji, mahaifina na kwance da ciwon ƙafa, sai ya tura ni. Ya ce, "Abin da ka ga ina yi shi za ka yi. Kada ka ƙara komi."

Na fara daidai. 'Yan mata na rawa a ƙofar gida, mahauci na gefe yana fiɗar rago. Da wurin ya yi daɗi, sai na saƙa kiɗan 'yan tauri a tsakiyar na rawar. Wallahi ya zauna.

Ashe mahaifin Alhaji, tsohon da ke kan tabarma yana jan carbi, wanda sai da sanda yake zuwa masallaci, ɗan tauri ne a zamaninsa. Jikinsa ya ɗauki tsuma. Ya yar da carbi, ya fizge wuƙar mahauci, ya yaye riga yana goga wuƙar a cikinsa yana kirari. 'Yan mata suka watse, tukunyar miya ta kife.

Alhaji na cewa, "Kai yaro, tsaya!"

Tsoho na cewa, "In ka tsaya sai na yanka ka."

Na bi maganar mai wuƙa.

Ko ƙwarzane bai yi ba, amma bayansa ya riƙe, aka ɗauke shi ranga-ranga. Kafin sati Alhaji ya aiko cewa ya ba makaɗan Kankara gidan. Mahaifina bai dake ni ba. Ya dube ni ya ce, "Shi Ba'amurken naka, akwai 'yan tauri a garinsu?"

Daminar nan ƙwadago muka yi a gonakin mutane.

Yanzu na gaji da gardama, amma har gobe ban yarda kiɗan ne ya ɓaci ba. Abin da na koya ɗaya ne: kafin ka haɗa kiɗan wasu da na wasu, ka fara tambayar wane ne tsohon da ke zaune shiru a kan tabarma.