Lurun Inna a Bangon Birmingham

'Yata ta biyu ce ta kawo matar gidanmu na Levenshulme a Manchester, ran wata Asabar da ruwa ya yini yana zuba. Ta ce malamarsu ce a jami'a, can Birmingham inda take karatun zane da tsara kayan ɗaki. Doguwar Baturiya ce cikin baƙaƙen kaya. Tun daga bakin ƙofa ta cire takalmi ba wanda ya ce ta cire, ta gaishe ni da "sannu". Nan na fara tsarguwa. Na ce a raina an riga an ba ta labarinmu kaf.

Na kawo shayi da cincin. Ko rabin kofi ba ta sha ba ta ce ko za ta iya ganin lurun. Na dubi 'yata, ta sunkuyar da kai.

Lurun na Innata ne, farin bargon saƙi mai nauyi, da shuɗin zane layi-layi da 'yan gidaje kamar na dara. Da shi na zo ƙasar nan, shi muke jawowa idan hita ta lalace. Ashe yarinyar ta ɗauki hotonsa ta kai makaranta ban sani ba.

Malamar ta shimfiɗa shi a kan kafet, ta durƙusa tana bayani. Wai a da can masu zane na Turai sun gaji da kwalliyar gidajen attajirai, fure da sassaƙa a jikin kowace kujera. Yaƙi ya rushe garuruwa, ma'aikatan masana'antu sun cunkushe a ɗakunan da ba iska, sai suka koma neman abu mai sauƙi, miƙaƙƙen layi, wanda inji zai yi kowa ya samu. Ta ce wasunsu a jikin kayan Afirka idonsu ya buɗe.

"A ina suka ga kayan?" na tambaye ta.

"A gidajen tarihi."

"Wa ya kai su can?"

Ta ce tambaya ce mai kyau. Amsar ce dai ban samu ba.

Aron lurun take so, za su yi baje kolin ƙarshen shekara. Maigidana ya ce in bayar, bargo ne fa kawai. Na kira Yayata da ke Sparkhill, can Birmingham. Ta ce, "Ke, garin da kike zaunen nan ba shi ne ya yi ta kwaikwayon zannuwanmu yana aiko mana ba tun zamanin kakanni? Ki bayar saboda yarinya, amma ki bi abinki."

Ranar buɗewa na hau jirgin ƙasa, Yaya ta tare ni a tasha. Zauren fari fat. An rataye lurun tsakanin wata kujerar ƙarfe da wani zane mai jan gida da baƙin gida. Gaskiya ya yi kyau, har sai da na tsaya na sake kallonsa. Amma tun shigarmu mai gadin wurin yake bin mu da ido, mu biyu masu manyan mayafai.

Na hango gefe guda na lurun ya ɗan saki, ƙusar tana jan zare. Na miƙa hannu in gyara.

Sai ga mai gadin a kaina, ya ce ba a taɓawa, in ja baya.

"Nawa ne," na ce.

Ya yi irin murmushin da ake yi wa wanda ba a yarda da shi ba, ya danna abin magana a kafaɗarsa. Yaya ta fara faɗa da Hausa, mutane suka juyo. 'Yata ta rugo tana "Mama, please, please." Malamar ta zo ta ba ni haƙuri har fuskarta ta yi ja.

Ana cikin haka na ga wani mai babbar kyamara ya kanga ta dab da zanen lurun yana ta ɗauka. Shi ba wanda ya ce ya ja baya. Na tambayi malamar ko wane ne. Ta ce tsohon ɗalibinta ne, yana tsara labule da matasai, sha'awa ce kawai. Na sa aka kawo mini kujera, na zauna gefen lurun har aka tashi.

Da baje kolin ya ƙare malamar ta roƙi a bar mata shi ya je wani gari. Na ce a'a. Ni da kaina na koma na naɗe shi.

'Yata ta biyo ni jirgin komawa Manchester. Can ta ce, "Mama, ba kowa ne ɓarawo ba."

"Ban ce kowa ba."

Bayan wasu watanni, a wani shagon kayan ɗaki a tsakiyar Manchester, na ga matashin kujera fari mai shuɗin layi da 'yan gidaje. Na juya shi ina neman inda aka yi shi, ban ga komai ba sai yadda ake wankewa. Na tura wa 'yata hoto. Ta ce shuɗin layi ba mallakar kowa ba ne, kuma gidajen wannan sun fi namu girma. Ƙila gaskiyarta. Da na koma da Yaya don ita ma ta gani da idonta, an sayar da su duka.