Harsashi Mai Girman Wake

Kawuna, yayan Inna, maharbi ne. Gidansa na wani ƙauye tsakanin Bukkuyum da Gummi, dab da fadama, kuma duk shekara bayan kaka nakan hau babur in je in yi kwana biyu ko uku wurinsa. A lokacin ina koyarwa a firamare a Bukkuyum, ina da mata da 'ya'ya biyu. Na faɗi haka ne don kada a ce ƙuruciya ce ta ja ni. Na haura talatin.

Bindigar toka gare shi, wadda ake ɗurawa ta baki, kuma da hannunsa yake yin harsashi. Yakan narka dalmar tsohon batirin mota ya fitar da ƙwayoyi iri uku, kowanne da kwalbarsa. Mai girman gero na kurciya ne da fakara. Mai girman dawa na zabin daji da zomo. Sai mai girman wake, wanda ba ya taɓawa sai in zai nutsa daji neman gada. Da can a tsakar gida yake narkawa, amma da labarin yaran da gubar dalma ta kashe a Dareta da Yargalma ya iso, matarsa ta ce ba za a sake ɗora dalma a murhunta ba. Bai yi musu ba, ya mayar da aikin can bayan gona.

A shekarar da nake magana, idanunsa sun fara rauni. Kowa ya lura, amma ba mai faɗa a gabansa. Yana gane tsuntsu da kukansa da motsin ciyawa, in ya harba kuma yana samu, sai dai ya daina harbin nesa.

Da safiyar kwana na biyu ya ce yau ni zan harba. Zabi sun saba fitowa wata gonar dawa da aka girbe a bakin fadama suna tsintar abin da ya zube. Yana zaune kan tabarma yana sa takalmi, ya ce mini, "Ka ɗura na dawa. Kada ka taɓa kwalbar wake."

Na ce, "Kawu, zabin nan ba sa bari a matso. Na wake ya fi zuwa nesa."

Ya ce, "Shi ya sa nih hana ka. Shanun Ardo na cin kara bayan sabara. Na dawa in ya yi taki arba'in ya gaji ya faɗi. Wanga kuwa ba shi tsayawa sai ya samu nama."

Ardo dattijon rugar da ke maƙwabtaka da su ne. Sun fi shekara talatin tare, shanunsa na cin karan gonar Kawu suna bar masa taki.

Na ce to, na shiga ɗaki. Na zuba albarushi, na tura tsumma, sai na tsaya ina kallon kwalaben. Zuwan da na yi bara, sau uku na harba ban kayar da ko gashin tsuntsu ba, matar Kawu ta yi ta tsokanata. Wannan karon kuma na riga na cika baki a gaban malaman makarantarmu cewa da zabi zan dawo. Na yi tunanin ai abin da ya fi nauyi ya fi isa, ban tuna cewa manyan ƙwayoyi kaɗan ne ke shiga ɗuri ba, ƙaramin tsuntsu sai ya bi ta tsakaninsu. Na buɗe kwalbar wake na zuba, na tura wani tsumman a kai, na fito kamar ban yi komai ba.

Mun sami zabin kuwa, garke guda, suna kiwo a tsakiyar gona. Tun kafin mu matso suka ɗaga kai suka fara gudu zuwa wajen sabara. Kawu ya taɓa hannuna ya ce a hankali, "Bar su, sun yi nisa." Ban bar su ba. Na ɗaga na ja kunama.

Hayaƙi ya rufe mini fuska. Da ya washe, zabin duk sun tashi, babu wadda ta faɗi. Sai muka ji saniya ta yi wani irin kuka a bayan sabara, shanu suka watse da gudu.

Kawu ya karɓi bindigar daga hannuna ya rataya a kafaɗarsa, muka kutsa cikin sabara. Wata farar karsana ce tsaye da ƙafa uku, jini na bin kafaɗarta. Ardo na gefenta yana shafa mata wuya yana yi mata magana da Fillanci. Ya ɗago ya dube mu, idonsa ya tsaya kan bindigar da wanda ke rataye da ita.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Maharbi, zo ka cire abin da ka sa."

Muka kayar da ita. Ni na danne ƙafafun baya, Ardo ya riƙe ƙaho, Kawu ya fito da wuƙarsa ya tsaga wurin kaɗan, ya laluba da yatsa har ya zaro ƙwayar. Ya murza ta tsakanin yatsunsa biyu, ya juyo da fuskarsa wajena na ɗan lokaci, sannan ya jefa ta cikin ciyawa. Ya tauna wani ganye ya cusa a raunin.

Da karsanar ta miƙe, Ardo ya ce, "Ba ni son komai gare ka. Amma jikokina na bin shanun nan. Da mutum na bayan sabarar nan fa? Idonka ya gaji, abokina. Ka aje bindiga."

Nan ne wurin da ya kamata in yi magana. Kalma uku ce, ni na harba. Na ji su a bakina. Na sunkuya ina goge kashin shanu daga gwiwar wandona, na yi ta gogewa har shirun ya wuce.

Kawu ya ce, "Na ji. Ka yi haƙuri."

Kafin azahar labari ya gama ƙauye. Mai unguwa ya zo ya zauna da shi a zaure, suka yi magana a hankali. Bayan ya tafi, Kawu ya naɗe bindigar cikin buhu, ya sa aka ɗora ta can saman rumbu. Matarsa ta yi ta share hawaye da bakin zane, tana cewa ita dai ta daɗe tana tsoron ranar nan. Ta kawo mini tuwo, ta ce in ci, na sha wahalar riƙon saniya. Na ci.

Bayan la'asar na same shi shi kaɗai a gindin bishiyar bedi. Na tsuguna na ce, "Kawu, na wake na ɗura."

Ya ce, "Tun daga ƙarar nis sani."

"Me ya sa ba ka ce ni na harba ba?"

"Na jira ka faɗi. Da ba ka faɗi ba, sai in tona ma asiri gaban maƙwabci, kana malami, kana ɗan ƙanwata? Kuma ni nib ba ka bindigar."

Na ce gobe zan je ruga in gaya wa Ardo. Ya ce, "Ka tahi. Ba don bindiga ba, ita kam na aje, maganarshi gaskiya ta ko ba yau ba. Amma ya kamata shi san wanda ya taɓa mishi dabba."

Washegari na tashi babur da sassafe. Da na iso mararrabar ruga na rage gudu, na hango bukkokinsu da hayaƙin girki, sai na ce wa kaina zan makara makaranta, in na dawo na je. Ranar Asabar ce.

Bayan wata huɗu na haɗu da Ardo a kasuwar Gummi. Shi ya fara ganina, ya kama hannuna da fara'a. Ya ce karsanar ta warke, tana ɗan ɗingishi amma har ta ɗauki ciki. Ya ce, "Kawunka mutumin kirki na. Maganar ta yi mishi zafi, amma ya ɗauka. Kai da ka yi boko, ka kai shi a duba mishi ido." Ya ɓare goro ya ba ni rabi. Muka yi hirar damina da tsadar gishiri, na yi godiya, na wuce.

Da daji ya fara lalacewa, mutanen rugar suka kwashe suka tafi, ban kuma sake jin inda suke ba. Na kai Kawu asibiti a Gusau sau ɗaya aka duba shi, aka ba shi tabarau. Ya yi shekara huɗu bayan haka kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma bai taɓa tambayata ko na je ruga ba.

Inna na nan da ranta. In ana hirar yayanta takan ce, "Shekarar da ido ya sa ya harbi saniyar Fulani, daga nan bai sake walwala ba." A sallar da ta wuce ta sake ba matata da yarana labarin muna zaune a tsakar gida. Babbar 'yata ta juyo ta ce, "Baba, ai kana wurin ko?" Na ce ina wurin. Na ɗauki buta na fita, ko da yake da sauran lokaci kafin a kira salla.