Waƙar Farko a Kaset ɗin Mai Cukwi

Ni dai tun ina saurayi Allah ya jarabce ni da kaset. Tsararrakina wasu ƙwallo ce ta tafi da hankalinsu, wasu kiwon tattabaru, ni kuwa kaset. Ba kuma kowane iri ba, na gambarar zamani, wadda yanzu kowa ke ce wa hip-hop. A lokacin wayar hannu ba ta gama gari ba, in kana son waƙa sai ka tashi ka neme ta da ƙafarka. Akwatin ƙarfen da na gama makarantar kwana da shi na mayar ma'aji. Na jera su a tsaitsaye, kowanne na yi masa rubutu da biro a gefe, na rufe su da tsohon zanen innata. Kowa a unguwarmu a Kazaure ya sani, ka taɓa akwatin nan ba izini, ranar ni da kai sai an raba mu.

Na Amurka ana samunsu a Kano, da kwalinsu mai sheƙi, kowa ma zai iya zuwa ya saya. Mu ba da waɗannan muke taƙama ba. Abin taƙama shi ne na yaran da ba wanda ya san su, waɗanda suka kulle kansu a ɗaki suka ɗauki muryarsu da Hausa tsantsa, wani lokaci har kana jin zakara na cara a bayan waƙar. Yawancinsu daga Nijar suke tsallakowa ta Babura, ba kwali ba hoto, sai rubutun hannu da ya soma gogewa. Kuma mu 'yan kaset ba ma sayar wa juna, musaya muke yi. Ka ba ni wanda ba ni da shi, in ba ka wanda ba ka da shi, kowa ya tafi yana ganin shi ya ci riba.

Saboda haka ranar kasuwar Babura ba ta wuce ni. Wata ranar kasuwa gab da azahar, ina ratsa layin masu kayan Nijar, sai wani kiɗa ya tsayar da ni cak. Kalangu ne, amma an ɗaure shi da wani bugu mai nauyi da ke taɓa ƙirji, ga wata murya siririya tana zuba magana kamar ana ɓare gyaɗa. Labarin wani saurayi yake bayarwa, wanda ya gama makaranta ya dawo gida yana ja wa mutane ruwa a rijiya. Wallahi tsigar jikina sai da ta tashi. Na bi sautin har gaban wani mutum dogo mai rawani, yana zaune a tabarma da cukwi, wato busasshen cukun nan na Nijar, da dabino a gabansa, da 'yar rikoda a gefen gwiwarsa.

Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Yaya, don Allah mayar da ita baya."

Ya dube ni ya yi murmushi, ya mayar. Ta ƙare na ce a sake, ya sake. A karo na uku ne ya ce, "Ɗan samari, cukwi za ka saya ko kunne ka kawo mini?"

Na ce masa ni aron kaset ɗin nake roƙo, minti kaɗan, in kai shagon mai kwafi da ke bakin tasha a ɗaukar mini. Nan take fuskarsa ta sauya. Ya ce shi mutumin Magarya ne, kuma mai waƙar farkon nan ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Su uku suka yi kaset ɗin da abokansa, kowa da waƙoƙinsa, shi ƙanen tasa guda ɗaya ce tak. Bayan nan ya bi motar Libiya, shekara biyu ke nan ba wasiƙa ba saƙon baka.

"Ba ni da hotonsa," in ji shi. "Wannan waƙar ce kawai nake da ita, kuma ban san inda wani kwafin yake ba."

Mai hankali da ya ji haka sai ya yi godiya ya tashi. Ina! Ni na zauna na yi ta magiya, na faɗa masa sunan unguwarmu, na kwatanta masa gidanmu, na cire agogona na ajiye masa a kan tabarma. Ya tura mini agogon da bayan hannu, ya buɗe rikoda, ya goge kaset ɗin da gefen rawaninsa ya miƙo mini. Ya ce kafin la'asar, don motarsu ba ta jira.

Da gudu na isa shagon, ƙafata ba ta taɓa ƙasa don murna. Na tarar da mai shagon yana naɗe hannun riga, an kira azahar. Ya san ni sarai, ya ce in zauna ya yi salla ya dawo. Ya rage muryar babbar rikodarsa mai baki biyu har ƙasa, kamar yadda kowane mai shago ke yi in an tayar da salla, ya fita. Ya bar ni da rikoda a haɗe da batirin mota, ga kaset emti, wato sabo wanda ba a ɗauki komai a kansa ba, a aljihuna.

Zama ya gagare ni. Na ce haba, abin da nake yi kullum a gidan abokina, mene ne sai na jira wani? Na zura kaset biyun, na danna maɓallin ɗauka, na ƙara da na gudu don a gama da wuri. Shiru. Ban damu ba, ai murya a rage take. Na tsaya ina kallon zare na juyawa ina ta washe baki, ina tsara yadda zan shiga Kazaure da yamma in tara abokaina in gasa su tukuna kafin in kunna musu. Can na ce bari in ɗan murɗa muryar kaɗan, in ji wannan kukan ɓerayen da waƙa ke yi in ana kwafi da gudu. Na murɗa, shiru. Na ƙure ta, ba komai sai huci.

Innalillahi! Rikodar abokina bakin ɗaukarta a hagu yake, wannan kuwa a dama. Na sa emti a wurin kunnawa, na sa kaset ɗin bawan Allah a wurin ɗauka. Mu nan da kaset ya shigo hannunmu muke karye 'yan haƙoran nan biyu na samansa, yadda ko ka danna jan maɓalli ba zai shiga ba. Shi mai cukwi bai san wannan ba, nasa haƙoran suna nan lafiya lau. Na fizge wayar batir, na mayar da zaren baya da biro, na sake haɗa wayar na kunna. Waƙar farko ta tafi gaba ɗaya, har da kan ta biyu.

Mai shago ya dawo ya same ni zaune a ƙasa. Da ya ji abin da ya faru ya riƙe baki, sannan ya wanke ni tas, kuma na cancanta. Ba zan ɓoye ba, shaiɗan ya raya mini in hau mota in gudu Kazaure. Amma na riga na kwatanta wa mutumin gidanmu, kuma ko ban kwatanta ba, da wace fuska zan ƙara shiga kasuwar nan?

Na koma wurin mai cukwi na durƙusa na faɗa masa komai. Bai zage ni ba, da ma ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Ya karɓa ya sa a rikodarsa, ya zauna yana sauraron hucin nan tun daga farko, bai tura gaba ba, har waƙa ta biyu ta faɗo daga tsakiya. Sannan ya kashe.

Na ce, "Yaya, wallahi sai na nemo maka ita."

Ya ce, "Kada ka rantse, ɗan samari. Tashi ka je."

To fa, daga ranar na zama mahaukaci tuburan. Waƙa ba suna, mawaƙi ba wanda ya san shi, ta yaya za ka tambaya? Sai dai ka rera. Ni kuwa muryata ko akuya ta ji sai ta canza hanya. Haka na riƙa tsayawa gaban mutane ina buga cinya ina kwaikwayon kalangu da baki, ina maimaita ɗan abin da na riƙe daga ji uku. A Kanya Babba wasu samari suka yi ta dariya har ɗaya ya faɗo daga benci. A Achilafiya wani ya rantse yana da ita, ya ja ni har gida, ya kunna mini waƙar biki. Na kusa shaƙe shi. A Roni akwai wani mai shayi da ke tara nasa a buhun shinkafa, muka zazzage su a tabarma muka yini muna saurara ɗaya bayan ɗaya. Ban samu ba, amma kai, na ji abubuwa ranar! Na ji wasu yara biyu suna gambara rabi Hausa rabi Fulatanci a kan kiɗan ƙwarya, har na manta abin da ya kawo ni na tashi ina rawa.

Duk ranar kasuwa kuma sai na je Babura na gaishe da mai cukwi. Ya amsa, ba yabo ba fallasa. Rikodar tana gefensa amma a kashe, kuma wannan ya fi komai ci mini rai.

Mai shayin Roni ne ya aiko mini da saƙo ta bakin wani direba, cewa akwai wani mai aski a Gwiwa da ya taɓa zama a Magarya, in gwada shi. Washegari da sassafe na hau acaɓa. Na same shi yana yi wa wani dattijo gyaran fuska, na jira ya gama, na share murya na fara haukata. Ban kai ƙarshen layi na biyu ba sai ya ɗora daga inda na tsaya, yana kaɗa almakashi daidai da kiɗan.

Na yi tsalle na rungume shi, da gashin mutane a rigarsa da komai. Kuma a nan na yi wauta, don ɗan kaset ba ya nuna wa ɗan'uwansa yunwarsa. Ya ga idona ya gane ya kama babban kifi. Ya ce shi ba ya ba da kwafi, kwafi na cinye zare. Musaya kawai, kuma ba zai faɗi abin da yake so ba sai ya ga abin da nake da shi. Na ba shi labarin mai cukwi da ƙanensa, ya ce Allah sarki, Allah ya bayyana shi, amma dai a kawo akwatin.

Na koma Kazaure na ɗauro akwatin a bayan acaɓa na dawo a ranar. Mutumin nan, Allah ya shirye shi, ya san kaya. Tsakanin aski da aski yake zuwa ya tsuguna ya zaɓa. Ya ɗauke na yaran Damagaram da na yi wata uku ina bi. Ya ɗauke wanda na ɗinke zarensa da jan farcen ƙanwata har wuri huɗu. Duk wanda ya ɗaga sai ya saci kallon fuskata, in ya ga na haɗiye yawu sai ya ajiye a gefensa. Ya tsame naman kaf ya bar mini romo. Ina ta tafasa a ciki, amma da ya kunna mini kaset ɗin na ji kalangun nan na tashi, wallahi duk sai na yafe masa. Sautin ya dusashe, an kwafa an sake kwafa har ya gaji, amma ita ce. A kan hanyar komawa ina bayan acaɓa ina ihu ni kaɗai, ɗan acaɓan yana tambayata ko lafiya.

Kwana huɗu na jira ranar kasuwa, kamar shekara. Na isa tun mai cukwi bai gama shimfiɗa kaya ba. Ban iya ko gaisuwa da kyau ba, na miƙa masa da hannu biyu na ce, "Yaya, sa wannan."

Ya dube ni, ya dubi kaset ɗin, ya sa. Ni a Gwiwa daga tsakiya aka kunna mini, kuma tsoro bai bar ni na ƙara taɓa shi a gida ba, sai dai na mayar da zaren farko da biro. Don haka ban san abin da ke farkonsa ba. Huci ya fara fitowa, sai ƙarar jan kujera. Kafin kiɗa ya shigo sai aka ji wani ya yi gyaran murya, ya ce, "An danna? To ku daina ba ni dariya mana," ya kuma fashe da dariyar da kansa. Sannan kalangu ya faɗo.

Mai cukwi ya kai hannu ya tsayar. Ya ce nasa bai taɓa samun wannan wurin ba, daga kiɗa yake farawa. Ya mayar baya ya sake ji, gyaran muryar, maganar, dariyar. Ya tsayar, ya sake mayarwa. Wata mata ta zo tana tambayar dabino, ta yi magana sau biyu bai ji ta ba, sai ni na auna mata.

Ya ja gefen rawaninsa ya rufe fuska, kafaɗunsa na motsi, na kasa gane kuka yake ko dariya. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Haka yake dariya tun yana goye. Innarmu za ta ji wannan yau."

Bai jira la'asar ba. Ya naɗe tabarmarsa da cukwin da bai sayar ba, ya nufi tasha neman motar da za ta fara tashi.