Ƙwaryar da Na Sa Aka Sauke

Lokacin da nake riƙe da shagon tireda a bakin kasuwar Zuru, sabulu ne ya so ya haukata ni. In jera shi da safe, kafin la'asar sai in ga giɓi. Na zargi 'yan kabu-kabu, na zargi matan bariki, kai, har ƙanwar maigidana sai da na riƙa bin hannunta da ido.

Mu masu shagunan layin muka yi shawara. Kowa ya rataya usur, in ya ga ɓarawo ya busa, sauran su rufo. Mai sayayyar da ya zo da kaya kuma ya ajiye su a ƙofa kafin ya shigo.

Akwai wata tsohuwa da ke saukowa daga kan dutse ranar kasuwa, da ƙatuwar ƙwarya a kafaɗa yadda matan can ke ɗaukar kaya. Kowa ya bi doka, ban da ita. Sai ta shigo da abarta a rufe da tsumma, ta tsaya daidai wurin sabulu tana shinshinawa.

Na ce a raina, yau dubunki ta cika. Wallahi ban ga ta ɗauki komai ba, amma na busa.

Kafin ƙiftawar ido an cika ƙofar. Na ce, "Mama, sauke ƙwaryar nan."

Ta ce, "Ɗiyata, ki bari in sauke da kaina, a hankali."

Mai shagon kusa da ni bai jira ba, ya fizgo ƙwaryar daga kafaɗarta. Ƙwarya ta daki siminti ta rabe biyu. Ƙwan zabi ne a ciki, jere cikin ƙaiƙayi, wanda ta kawo sayarwa. Ashe shi ya sa ba ta barin ta a ƙofa inda babura ke tsayawa. Ko gutsuren sabulu babu.

Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta durƙusa tana tsince waɗanda ba su fashe ba, mutane suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Kunya ta hana ni ko sannu.

Sabulu bai daina ɓata ba, har yau ban san mai ɗauka ba. Na sayi sabuwar ƙwarya na ajiye mata ƙarƙashin teburi. Har na bar shagon nan ba ta sake bi ta layinmu ba.