Hutun da Muka Shirya Zuwa Kalaba

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Zamfara ina aikin jinya a wani ƙaramin asibiti a Ƙaura Namoda, ɓangaren masu haihuwa. Abokiyar aikina wata 'yar Kalaba ce, Kirista, ta girme ni da 'yan shekaru. Kowa Sista yake ce mata, ita kuma ta ce mini ƙanwata. Aikin jirgin ƙasa ne ya kawo mijinta Ƙaura, a nan ya rasu, a nan aka binne shi, ita kuwa ta yi zamanta da ɗiyarta guda ɗaya. Hausar bakinta irin tamu ce sak. In ta daka wa mai naƙuda tsawa daga bayan labule, sai ka ce wata tsohuwar Shinkafi.

Wata rana da hantsi, mun gama wanke hannu bayan wata haihuwa mai wuya, ta ciro wasu hotuna daga jakarta ta baje a kan teburi. Tsofaffin gidaje ne na katako masu bene, da wani kogi mai faɗi da kwale-kwale a kai, da wata kasuwa ta bakin ruwa. Ta ce garinsu ke nan, waɗannan gidaje sun girmi kakanta, kuma daga wancan kogi ne aka riƙa loda bayi a jirgin ruwa a zamanin da.

"Ƙanwata, ki ɗauki hutun mako guda mu tahi ki ga garinmu," in ji ta. "Kin ci tuwon gidana, na ci na gidanku har Zurmi. Saura ki ga inda na hito."

Ni da iyakata Kaduna, nan take abin ya shiga raina. Kafin a tashi aiki har mun fara lissafin hanya: mota daga Ƙaura zuwa Gusau, daga nan Kaduna, sai babbar bas ta kudu. Kwana biyu zuwa, kwana biyu dawowa, uku a can. Ta ce akwai unguwar Hausawa a Kalaba da masallacinsu, kuma a wurin mahautansu za ta riƙa sayo mini nama. Ta ce in ɗauki lema, don ruwan garinsu ba ya sallama.

Maigidana dillalin hatsi ne a kasuwar Ƙaura, yakan loda wake zuwa kudu, saboda haka ya san hanyoyin. Da na faɗa masa bayan la'asar, ya ajiye kofin furarsa ya dube ni.

"Shekara nawa kuna aiki tare?"

"Goma sha ɗaya, Alhaji."

"A cikinsu ta taɓa ce miki ku tahi?"

Na ce a'a.

"To mi ya sa sai bana? Ƙabilu suna ta kulle shaguna suna barin gari, kudu kuma ana hararar duk mai hula, ita sai yanzu ta ga ya dace ki je kallon ruwa?"

Bai ce ya hana ba, bai kuma ce ya yarda ba. Ya ce in bar shi ya yi tunani.

Ranar Asabar na je Zurmi gaida Inna, mahaifiyata, ina tsammanin za ta taya ni roƙonsa, don tana son Sista, ita ce ta karɓi haihuwar jikokinta biyu. Ina faɗa mata ta daina tsince geron da ke gabanta.

"Wane laihi kika yi da za a kai ki ƙarshen ƙasa? Wa kika sani can?"

"Inna, hutu ne kawai."

"Mai hutu gida yake kwantawa. Yarinyar nan ba ni da abin hwaɗi a kanta, amma danginta fa? Kin san abin da sunka ji a rediyo game da mu? Kin san abin da sunka ƙulla?"

Na dawo Ƙaura ina jin haushinsu duka biyun. Ranar Litinin na cike takardar neman hutu ba tare da na jira amsar Alhaji ba. A nan ne abu na farko ya tsaya mini a rai. Sista ta riƙe hannuna a bakin ofishin shugabarmu ta ce kada in rubuta inda za ni, kuma kada in ce tare za mu yi tafiya. Ta ce in an ji mu biyu ne, za a hana ɗaya. Maganar ta yi ma'ana, na bi. Amma ta faɗe ta tana waige-waige.

Bayan kwana biyu na biya gidanta a unguwar tashar jirgi don mu zaɓi atamfar da zan kai wa mahaifiyarta. Na tarar babu firji a inda ya saba zama, sai shatin ƙafafunsa a siminti. Ta ce ya lalace, yana wurin mai gyara. Na tambayi ɗiyarta, ta ce ta bi wata 'yar cocinsu ta riga mu tafiya, tunda an kusa hutun makaranta. Saura mako uku a yi hutun, na sani, don ajinsu ɗaya da ɗiyar yayata. Hoton mijinta ma da ke rataye a bango, ƙusa kawai na gani.

Da zan fita ta ce, kamar abin bai dame ta ba, "Ranar tahiya ki aro mini hijabi guda cikin naki. Kuma akwai wani akwati, in an tambaya a hanya ki ce naki ne."

"Me ke ciki?"

"Tarkace ne, ƙanwata."

Tun daga ranar na koma mai sa ido a kan matar da na sha kwana da ita a kan tabarma ɗaya a ɗakin aiki. In ta shiga ɗakin magani sai in sami dalilin bin ta. Na ƙirga almakasai da kwalaben allura sau biyu a mako, ina jin kunyar kaina, ina kuma ci gaba. Na ce ko kayan asibiti take kwashewa za ta sa ni dakon su. Na ce ko wani abu ta yi da take gudun a kai ta gaban alƙali. A lokacin gari cike yake da jita-jita, kowa na da labarin wanda aka kama da giya ko aka yi wa bulala, rabi gaskiya rabi ƙari. Babu abin da ya ɓace a ɗakin magani. Wannan bai kwantar mini da hankali ba, sai ma na shiga tunanin abin da ya fi haka muni, har maganar Inna ta fara yi mini kama da gaskiya.

Ita ma ta lura. Ta daina kawo mini ɗanɗanon miyarta, in na shigo tana hira da 'yan uwanta ma'aikata 'yan kudu sai su yi shiru. Daga baya na ji cewa su ma sun gargaɗe ta da ni, wai mijina yana zama da 'yan hisba, duk abin da ta faɗa mini a kunnensu zai ƙare.

Abin ya fashe ne saura kwana biyar mu tafi. Na hau kabu-kabun ƙanen Alhaji za ni kasuwa, sai ga firjin Sista a ƙofar shagon wani mai sayar da ƙanƙara, na gane shi da hannunsa da aka ɗaure da waya. Na sauka na tambaya. Mutumin ya ce saya ya yi, har da keken ɗinki, matar ta ce ta bar garin.

Washegari da azahar na same ta ita kaɗai a ƙarƙashin dogonyaron bayan asibiti tana cin gyaɗa.

"Sista, firjinki ya gyaru. Na gan shi yana aiki a kasuwa."

Ta daɗe tana murza ɓawon gyaɗa a tafin hannunta.

"Ba zan dawo ba," ta ce. "'Yan uwana sun matsa, uwata ba ta barci. Ni ma tsoro nike ji, ba zan ɓoye miki ba. Ba wanda ya taɓa ni, amma maƙwabtan da muke gaisawa yanzu sai su dube ni su kau da kai."

"To ni mene ne nawa a ciki? Garkuwa kika mai da ni?"

"Awo," in ji ta, ba ta ko musa ba. "Na ce in kina kusa da ni da hijabinki, ba mai sauke ni a mota har mu ƙetare kogin Binuwai a Makurɗi. Daga can kuma ni zan tsaya miki. Amma wallahi, tunda haka kuke rantsuwa, ina son ki ga garinmu. Ban so mu rabu a tasha kamar waɗanda sunka haɗu jiya ba."

"Akwatin fa?"

"Kayan mijina ne. Kakinsa na aiki, da takardunsa, da Littafinsa na coci. Na ji ana buɗe kaya a hanya."

"Me ya hana ki faɗa mini tun farko?"

Ta ɗago ta dube ni. "Da na hwaɗa miki, da kin hwaɗa wa Alhaji. Shi kuma ban san wa zai hwaɗa wa ba."

Wannan ta fi komai yi mini ciwo, ko da yake ni ma mako biyu na yi ina ƙirga almakasai a bayanta. Na tashi na bar ta a wurin ba sallama.

Na kwashe duka na faɗa wa Alhaji, ina jiran ya ce ai ya faɗa. Sai na ga ya saki fuska.

"Yanzu na ji magana," ya ce. "Mace mai takaba da tsoro a ranta, wannan na gane shi. Kallon tsohon gida ne ban gane ba."

Na ce takabarta ta ƙare shekara shida da suka wuce. Ya ce duk ɗaya ne, mijinta a ƙasarmu yake kwance, ba za a ce matarsa ta fita garin nan a ɓoye kamar ɓarauniya ba. Ya yanke cewa shi da kansa zai raka mu, amma iyakarmu Makurɗi, don bayan nan hanyar ba ta da tabbas ga irinmu a wannan lokaci. Kalaba kuma sai wani jiƙon.

Haka aka yi. Sista ta sa hijabina ruwan toka, ta zauna a tsakanina da taga. An tsayar da mu wurare da yawa, babu inda aka ce ta sauko, babu wanda ya taɓa akwatin. Ba mu yi wata hira ba a hanya. Ni ina fushi ban gama ba, ita kuma tana ta duban gonaki. A tashar Makurɗi wani ƙanenta yana jiran ta. Ya gaida Alhaji da hannu biyu, amma idonsa na kan hularsa. Sista ta cire hijabin ta ninke ta ba ni, tare da wata ambulan.

"Takardar ajiye aiki ce. Ki miƙa mini, don Allah."

Ta rungume ni, na bar ta ta rungume ni, sai da bas ɗinsu ta tashi sannan kuka ya zo mini. Alhaji ya tafi cinikin doya ya ba ni wuri.

Sauran kwanakin hutun a Zurmi na yi su. Da na koma aiki na miƙa ambulan ɗin. Shugabarmu ta karanta, ta cire tabarau ta dube ni.

"Ke kin san ba za ta dawo ba?"

"Sai daga baya na sani."

"Amma ga shi kun ɗauki hutu rana ɗaya, kin ɓoye inda za ki."

Ta sa aka buɗe ɗakin magani aka ƙirga komai a gabana, aka tarar ba abin da ya yi ƙafa. Duk da haka makullin ɗakin, wanda yake hannuna shekara huɗu, ta karɓe ta ba wata. Ya fi wata shida kafin ya dawo wurina, kuma a tsawon lokacin nan ni kaɗai nake riƙe da masu naƙuda, don ba a turo mana kowa a madadin Sista ba sai da damina ta faɗi.